Koyon Aska: Shawara Ga Matasanmu Na Yerwa

 Yau ina so mu tattauna kan wata sana’a da kowane ɗa namiji a cikinmu ya san ta tun yana da kwana bakwai a duniya, amma yanzu ta kama hanyar kuɓuce mana, wato wanzanci, musamman ma aski da aska. Duk wanda ya zagaya daga nan Lamisula zuwa Hausari, ya gangara Gwange ko Bulabulin, ya lura da masu rataye da zabira, zai ga mafi yawansu furfura ta cika musu gemu, kuma da wuya ka ga saurayi na biye da su. Ra’ayina a nan shi ne, ya kamata matasanmu su koyi riƙe aska ko da ba su gada ba, su koya a hannun waɗannan dattawa tun suna raye, amma bisa sharuɗɗa uku da zan bayyana a ƙasa. Wanda ba zai iya cika sharuɗɗan nan ba, gara ya bar aska a inda ya gan ta.

Me ya sa mu musamman?

Mai karatu ya san yadda iyayenmu da kakanninmu suka shigo garin nan. An kafa Yerwa a 1907 a zamanin Shehu Garbai, kuma tun daga wancan lokaci Bahaushe yake ta kwararowa daga ƙasar Kano da Katsina da Haɗeja da Damagaram, wani da fatauci, wani da neman karatun Alƙur’ani, wani kuma ba shi da komai sai sana’ar da ke hannunsa. Baƙo ba shi da gona a garin mutane, ba shi da gidan gado, saboda haka hannunsa shi ne jarinsa. Mahauci ya zo da wuƙarsa, baduku ya zo da basillarsa, wanzami ya zo da zabirarsa, da haka aka samu wurin zama har aka yi aure aka hayayyafa. Masu masaukinmu Barebari suna da nasu wanzaman, amma hakan bai hana namu samun abinci ba, domin kai ba ya tambayar ƙabilar aska.

Abubuwan da suka same mu a ’yan shekarun nan sun isa su tuna mana darajar irin wannan sana’a. A watan Janairun 2021 ’yan tayar da ƙayar baya suka tarwatsa turakun da ke kawo wuta daga Damaturu, garin nan ya yi wata da watanni a cikin duhu. An gyara a watan Maris, ba a jima ba aka sake kayar da su. Duk mai shagon aski da injin wuta sai da ya koma janareta, kuɗin aski ya tashi. A watan Fabrairun 2023 gobara ta cinye kasuwar Monday Market, a ƙarshen watan Mayun shekarar kuma aka janye tallafin fetur. A watan Satumban 2024 madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle, ruwa ya shiga Gwange da Shehuri da kasuwa har da fadar Shehu. A kowane ɗaya daga cikin waɗannan, wanda dukiyarsa take jibge a shago shi ya fi jin jiki. Wanzami kuwa abin da yake buƙata aska ce da dutsen wasawa da ’yar fata da ruwa da sabulu, dukkansu suna shiga jaka ɗaya, ya rataya ya fita da su ko da tsakar dare ne.

Ni kaina a lokacin wancan duhu na 2021 na koyi aska, na riga na haura shekara arba’in, a hannun wani dattijon wanzami da ke zuwa layinmu duk safiyar Juma’a. Ban koya don in ci abinci da ita ba, na koya ne don gyaran fuskata da askin yaran gidana. To amma abin da na gani a watannin da na yi ina zama kusa da shi, shi ya sa nake ganin saurayin da yake zaune ba aikin yi bai kamata ya raina ta ba.

Na san za a ce ai yanzu akwai injin aski mai caji, ga kuma sola ta wadata. Gaskiya ne, kuma ban ce kowa ya jefar da injinsa ba. Sai dai akwai aikin da har gobe aska ake nema dominsa: askin jariri ranar suna, ƙwal-kwabon dattawa da malamai waɗanda ba sa jin an yi musu aski sai sun shafa kai sun ji shi sumul, da kuma fitar da layin gemu da saje. Ko a shagunan zamanin ma, in an gama da inji, reza ake ɗauka a gyara gaban goshi. Saurayin da ya iya biyun ya fi wanda ya iya ɗaya.

Batun gado

Babbar hujjar da ake kawowa ita ce wanzanci gado ne, wanda ba ɗan gida ba in ya taɓa aska karambani yake yi. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki. Gidajen wanzamai suna da sanin magunguna da sirrin sana’a da suke miƙa wa ’ya’yansu kaɗai, suna da Sarkin Aska da ke shugabantarsu a garuruwan Hausa, kuma ba wanda zai shiga wannan fage da rana tsaka. Amma mu dubi gaskiya, ’ya’yan gadon su da kansu sun watse, wani yana tuƙa Keke Napep, wani yana sayar da waya, wani ya yi boko ya zama ma’aikaci, kuma ba laifi suka yi ba. In aka ce lallai sai ɗan gado, to nan da shekara ashirin sai dai a riƙa ba jikokinmu labari. Dattijon da ya koya mini, da na tambaye shi ko babu damuwa tunda ni ba jininsu ba ne, cewa ya yi, “Malam, aska ba ta san ɗan gado ba, hannun da ya natsu shi ta sani.” Ya ce ’ya’yansa maza huɗu, babu ɗaya da ya taɓa ɗaukar masa zabira.

Ɗaya hujjar kuma ba a faɗinta a fili, ita ce raini. Wasu iyaye suna ganin ƙasƙanci ne ɗansu ya durƙusa gaban mutane yana aske musu kai. Ni dai ban ga ƙasƙanci ba a sana’ar da attajiri da malami da basarake suke cire hula su sunkuyar da kai a gaban mai ita, su miƙa masa maƙogwaro, yana riƙe da ƙarfe mai kaifi. Amanar da ta kai wannan kaɗan ce a duniya.

Yadda ake fara koyo

Wanda yake zaton ranar farko za a ba shi aska ya hau kan mutum, ya sake tunani. Makonnin farko kallo ne da hidima: ɗebo ruwa, shimfiɗa tabarma, jiƙa kai, kwashe gashi. Jiƙa kan nan da ake rainawa shi ne rabin aski, domin gashi busasshe yana da tauri, sai ya sha ruwa na ’yan mintoci an murza shi da sabulu kafin ya yi laushin da aska za ta wuce ba tare da ja ba. Mafi yawan zafin da mutane ke ji wajen aski daga gaggawar jiƙawa yake fitowa.

Daga nan sai wasa aska. A kan dutse, ana kwantar da ita ne a tura bakinta gaba kamar za a yanko ɓawon dutsen, a juya a dawo da ɗaya gefen, adadin wannan gefe daidai da na wancan. A kan fata kuwa akasin haka ne, bayanta ke yin gaba bakin yana biye, in ba haka ba sai ta yanke fatar ta kuma dakushe. Dutse yana cin ƙarfe ya fitar da sabon baki, saboda haka ba kullum ake hawa da ita kansa ba. Fata kuwa miƙar da bakin kawai take yi, shi ya sa ake yin ta kafin kowane aski. Sabon mai koyo ya kan ji tsoron aska mai kaifi sosai, alhali dakusasshiya ita ce mai haɗari, domin ita ce ke sa mutum ya danna da ƙarfi, dannawa kuwa ita ke kawo yanka.

Sai riƙo. Aska ba a tsayar da ita a kan fata, ba a kuma kwantar da ita gaba ɗaya, ana ɗan ɗaga bayanta ne kamar digiri 30. In ta miƙe da yawa sai ta kankare fata ta bar raɗaɗi, in ta kwanta da yawa sai ta riƙa jan gashi. Hannun hagu yana da aiki daidai da na dama, shi ke ja ya miƙar da fatar, kuma yatsunsa suna bayan aska ne kullum, ba sa shiga gabanta. Ana tafiya da gajeren ja, kaɗan-kaɗan, ana bin yadda gashi ya kwanta, musamman a wuya da ƙeya, domin gashinmu mai murɗewa ne, in aka aske shi ta baibai sai ya koma cikin fata ya haifar da ƙurajen nan da ke addabar maza da yawa. Doka mafi girma kuwa ita ce, kada a taɓa jan aska a kaikaice ta tsawon bakinta, wannan shi ne yanka. Wuraren da suka fi ba sabon hannu wahala su ne bayan kunne, da ninkin ƙeya, da ƙasan leɓe, da maƙogwaro, da kuma inda Hausawa suka ce aski ya fi zafi, gaban goshi.

Sharaɗi na farko: a kan wa za a koya?

A nan ne nake da saɓani da yadda aka saba. Kowa ya san kan da ake koyon aski a kansa a garin nan: kan almajiri. Yerwa gari ne na tsangayu, yara sun zo daga nesa, ba uwa ba uba a kusa, ba su da kuɗin aski, sai a tara su a ce za a yi musu kyauta, a miƙa wa mai koyo. In ya yanke su ba mai tambaya, yaron ma ba zai iya cewa uffan ba. Wannan zalunci ne da aka sa wa rigar sadaka. Da yawa daga cikin yaran nan ’ya’yan ’yan’uwanmu ne daga garuruwan da muka baro, kuma ko ba namu ba ne, amana ne a hannun duk mazaunin gari.

Mai koyo ya fara da abin da ba ya jin zafi. Ni duma aka ba ni, aka shafa masa kumfar sabulu, aka ce in kwashe kumfar ba tare da na karce shi ba, na yi kwanaki a kan haka. Bayan nan sai gashin ƙwaurinka da na damtsenka, sannan kumatunka a gaban madubi, gefen da ya fi sauƙi tukuna, haɓa da wuya sai daga baya. Wanda ya ji aska a fatarsa ya san bambancin hannu mai nauyi da mara nauyi, kuma ba zai manta ba. Hausawa sun ce wanzami ba ya son jarfa, to ni ina ganin mai koyo dole ya so ta, ya ɗanɗana kafin ya ɗanɗana wa wani. In hannu ya faɗa, sai babban mutum da ya san kai mai koyo ne ya kuma yarda da bakinsa, abokinka ko yayanka, maigidanka yana zaune yana kallo. Yaro ƙarami shi ne na ƙarshe, jariri kuwa sai an yi shekaru.

Sharaɗi na biyu: tsabtar aska

Wannan shi ne inda dattawanmu, tare da girmamawa, suke buƙatar su ma su saurara. A da, aska ɗaya takan bi kai goma a safiya ɗaya, a shafe ta a tafin hannu ko a tsumma a wuce na gaba. Ba mugunta ba ce, ba a san abin da aka sani yanzu ba. In an yi maganar aska mutane ƙanjamau suke fara tunawa, alhali ciwon hanta nau’in B ya fi shi saurin yaɗuwa nesa ba kusa ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa ƙwayar cutar tana iya rayuwa a wajen jikin mutum aƙalla kwana bakwai, ke nan busasshen jinin da ido ba ya gani a bakin aska yana iya harbin wanda aka aske bayan mako guda. Babban binciken da gwamnatin Nijeriya ta gudanar a 2018 ya gano kashi 8.1 cikin ɗari na ’yan shekara 15 zuwa 64 suna ɗauke da ita, wato kusan mutum ɗaya cikin goma sha biyu. Ka lissafa kawuna nawa wanzami yake taɓawa ranar jajibirin Sallah. Mafi yawan masu ɗauke da ita ba su sani ba, sai bayan shekaru hanta ta lalace, ciki ya kumbura, ido ya yi ɗorawa, a ce sammu ne. Allurar riga-kafinta ba ta shiga jerin alluran yara a ƙasar nan ba sai a 2004, saboda haka mafi yawan waɗanda aka haifa kafin nan ba su da kariya. Ban da wannan ga makero da sauran cututtukan fatar kai da ke bin aska daga yaro zuwa yaro.

Maganin abin ba shi da tsada. Mai yi wa jama’a aski ya nemi irin askar nan mai gida wadda ake sa wa rabin reza, ya buɗe sabuwar reza a gaban mai kai, in ya gama ya jefa ta cikin gwangwani mai murfi, kada ya yar a bola inda yara za su tsinta su fere fensir ko su yanke farce. Riƙonta da tafiyar da ita duk ɗaya ne da askar maƙera, saboda haka koyon bai tashi a banza ba. Alhazanmu shaida ne, a Mina hukumomin Saudiyya sun wajabta wa masu aski masu lasisi reza ɗaya kai ɗaya, kuma duk shekara suna gargaɗi kan masu aski na bakin hanya. In an yarda da wannan a wurin da aski yake ibada, ban ga dalilin ƙin sa a Lamisula ba.

Wanda kuma ya fi son askar ƙarfe ta gargajiya, to ya mallaki da yawa, kowane kai da tasa. Wadda aka yi aiki da ita a ware ta, a wanke da sabulu, a tafasa ta minti 20 cur daga lokacin da ruwan ya fara tafasa, a busar da ita sarai don kada ta yi tsatsa. Kada a mayar da ita kan fatar wasawa ana tsakiyar aski, domin fata ba ta tafasuwa. Shafa kananzir ko fetur ba ya kashe wannan ƙwayar cuta, gasa bakin aska a wuta kuwa yana kashe ƙarfinta ne ta daina riƙe kaifi. Alif ɗin da ake gogawa a tsayar da jini, shi ma kada a yi tarayya a dunƙule ɗaya, a farfasa kowa a ba shi ɗan guntunsa. Magidanci kuma mafi sauƙi ya sayi askarsa ya ajiye a gida, in wanzami ya zo a ɗauko masa. Shi kansa mai koyo, kafin ya fara taɓa kan mutane, ya je Asibitin Koyarwa na Jami’ar Maiduguri ko Asibitin Ƙwararru na jiha a gwada jininsa, in ba shi da ita ya karɓi riga-kafi, domin yatsunsa ne suka fi kusa da bakin aska.

Sharaɗi na uku: sanin iyaka

Zabirar wanzami ba askar aski kaɗai ke cikinta ba, akwai ƙaho, akwai kayan kaciya, akwai na cire belu da haƙoran jarirai. Shawarata ga saurayi mai koyo ita ce ya tsaya a gashi. Duk aikin da zai ratsa fata da gangan ya bar wa asibiti. Cire wa jaririn kwana uku ko bakwai belu yana iya jawo zubar jini da shigar ƙwayoyin cuta, likitoci sun daɗe suna faɗin haka, kuma belun nan halitta ne da kowa yake da shi, ba ciwo ba ne. Abin da ake yi wa ’ya’ya mata da sunan cire angurya ko yankan gishiri kuwa, wannan kada ma a koya, kada a gada, a bar shi ya mutu. Za a ce to ai a nan kuɗin wanzanci yake. Na ji, amma kuɗin da za a same shi a bakin ran jaririn mutane ba abin nema ba ne, kuma aski da gyaran fuska kaɗai, in an iya su da tsabta, sun isa su riƙe saurayi har ya tara jarin buɗe shago.

Kira ga manyanmu

Ina roƙon shugabannin Hausawa na unguwanninmu da ƙungiyoyinmu na ’yan asalin gari kaza da gari kaza, waɗanda muke tara kuɗi duk wata don biki da rasuwa, su duba wannan. Abu ne mai sauƙi a samu dattawan wanzamai biyu ko uku, a haɗa kowannensu da samari biyu na tsawon wata shida, a riƙa ba dattijon ɗan abin sayen goro don lokacinsa, a sayi gidan reza da kwalin reza ga kowane yaro, a kuma gayyato ma’aikacin lafiya ɗaya daga cikin ’ya’yanmu ya zauna da su gaba ɗaya, malam da ɗalibi, ya yi musu bayanin ciwon hanta. Dattijo ya ba da hannu, ɗan asibiti ya ba da tsabta, yaro ya haɗa biyun. Kuɗin da wannan zai ci bai kai na shinkafar walima ɗaya ba.

Mu kuma masu kai, haƙƙinmu ne mu riƙa tambaya kafin mu cire hula: wannan askar wa aka yi wa aiki da ita kafin ni? Ba rashin kunya ba ne, kuma wanzamin kirki ba zai ji haushi ba. In muka riƙa tambaya, muka kuma yarda mu ƙara ɗan abin da zai sayi sabuwar reza, sana’ar za ta gyaru da kanta.

Wanda yake da ɗa ko ƙane da yake ganin zai iya, ya fara kai shi ya gai da wanzamin unguwarsu wannan Juma’ar, ya ɗauki masa zabira zuwa gida na gaba. Allah Ya ba mu sana’a mai albarka, Ya kare mu da zuriyarmu, Ya ƙara wa Borno zaman lafiya.